Littafin Direba Arzika

Kakana Arzika bai shiga lakwal ba.
Tuƙi ya iya, da gyaran birki, da kasa kunne.
Shekara ashirin da uku yana jan motar masu haƙa rijiyoyi
daga Tawa zuwa Keita, daga Keita zuwa Abalak,
yau Bafaranshe a gefensa, gobe Bajamushe,
jibi ɗan Italiya mai zufa kamar sabuwar randa.

Da ya rasu muka buɗe adakarsa a Garkawa.
Ba kuɗi. Sifana biyu, tsohuwar hula,
da ɗan littafi mai warin man mota
cike da ajami, layi yana hawan layi
kamar an rubuta shi mota na gudu.

Shafin farko: dare.
Bafaranshe ya ce nuwi,
ɗan Italiya ya ce notte,
likitar nan ta Sifen ta ce noce,
Bajamushe ya ce naht, kai ka ce ƙayar kifi ta tsaya masa a wuya.
A ƙasa ya ja layi, ya sa tasa:
“Waɗannan nono ɗaya suka sha.
Sun watse, kowa ya kafa bukkarsa,
amma tsagar gidansu tana nan a kunci.”

Gishiri ya samu shafi guda shi kaɗai:
sel, sale, sal, zalts.
Uwa kuma: mer, madre, muta.
Ya ce ko jaririn akuya ya san farkon wannan.

Sai wata Laraba a bakin rijiya,
hannun ɗan Italiya ya yi baƙi da giris,
ya ɗaga murya: sapone!
Wani yaro da bai taɓa ganin allon boko ba
ya ruga ya kawo sabulu.
Ba tafinta, ba nuni da yatsa.
A nan alƙalamin Kaka ya danna har ya huda takarda:
“Ashe mu ma muna da dangi a can?”

Daga ranar ya koma farauta.
Ya kama sukari a kofin kowa,
ya kama gahawa ta sauya riga ta zama kafe.
Abokinsa Gumar, Buzun da ke dafa musu shayi,
ya rantse takarda tasu ce tun kakanni,
ɗan Italiya ya buga ƙirji ya ce karta.
Kaka bai raba gardamar ba. Ya dai rubuta:
“Magana ba ta biyan kuɗin mota.
Kafin a shimfiɗa kwalta, ta riga mu isa.”

Yanzu ina karatu a Yamai.
Malaminmu yana zana bishiya a allo,
saiwa ɗaya, rassa har bakin teku,
ni kuwa ina jin warin man mota.

Shafin ƙarshe: ruwa.
Akwa, agwa, waɗannan ya haɗa su da baka.
Na Bafaranshe, o kawai,
kamar ƙarar guga a rijiya mai gaba arba'in,
ya bar shi gefe kamar maraya.
Da ma zan iya gaya masa:
Kaka, shi ma akwa ne, bakuna suka cinye shi
yadda wanki ke cinye sabulu har ya zama ɗan guntu.

Na Bajamushe kuwa ya rubuta shi yadda kunnensa ya ba shi: wasa.
Ya kewaye shi sau biyu.
A gefe, da rubutu ƙanana, hannu ya fara rawa:
“Mutumin kirki ne, amma ƙasarsu akwai damina.
A Adar ba mai ce wa ruwa wasa.”

Sauran shafin fari ne.
Na sayi alƙalami, ban iya taɓa shi ba tukuna.